Heritage na Opeth: Me ya raba kan masu saurare?

TAMBAYA: Yaya, wani abokina da ke karatu a Turai ya turo mini kundin waƙoƙin ƙungiyar Opeth mai suna Heritage. Da na duba ra'ayoyin jama'a sai na tarar ana ta cacar baki: wasu na cewa gwaninta ce, wasu na cewa cin amana ne. Wanne zan kama? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Ƙanena, rigimar nan ta haura shekara goma, kuma asalinta murya ce. Opeth 'yan birnin Stockholm ne na ƙasar Sweden, jagoransu Mikael Åkerfeldt. An san shi da wani gurnani daga can cikin maƙogwaro kamar na zaki, sai kuma ya sauko ya rera da murya mai taushi. Wannan haɗin ne ya tara musu masoya, musamman bayan kundin Blackwater Park na 2001.

A watan Satumba na 2011 Heritage ya fito, babu gurnani ko sau ɗaya. An buɗe da fiyano a hankali, sannan gita da ganguna da sarewa suka bi salon kiɗan progressive rock na shekarun 1970, wanda waƙa kan sauya taki sau uku ko huɗu kafin ta ƙare. Steven Wilson, wani mawaƙi ɗan Ingila, shi ne ya daidaita sautin. Waɗanda suka zo don tsawa suka ji an yi musu ta leƙo ta koma. Masu son tsohon salo kuwa suka ce yanzu ne Åkerfeldt ya nuna abin da ke ransa.

Ni dai na fara jin sa ne a mota, kan hanyar Kaduna, kuma ban kai rabi ba na kashe. Ƙarar inji ta cinye wuraren da kiɗan ya yi ƙasa, alhali a nan daɗin yake. Da na sake zama da shi da dare, da abin ji a kunne, sai na fahimci masu yabo. Amma masu suka ma ba ƙarya suka yi duka ba: a tsakiyar kundin akwai inda waƙa take kamar guntayen yadi da tela bai gama haɗawa ba, ana tafiya sai a tsaya cak, a ɗauko wani abu dabam.

Shawarata, tunda ba ka saba da su ba, fara da kundinsu Pale Communion na 2014. Salon ɗaya ne, amma ɗinkin ya fi zama. Daga nan ka dawo kan Heritage. In kuma gurnanin kake son ji, Åkerfeldt ya dawo da shi a kundin The Last Will and Testament na 2024, sai ka tambayi abokin naka ko yana da shi.