Na haɗa jirgin ruwa mai ɗaki, ina zan ajiye janareta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na haɗa ɗan jirgin ruwa a gida: duron roba 12 masu cin lita 200 a ƙasa, ƙarfe daga Ƙofar Ruwa, katako daga Na'ibawa. Niyyata in kai shi Tiga in riƙa kwana ina kamun kifi. Saura kayan ɗaki. Maiɗakina ta hana ni sakat, wai zai kife. Mai waldana kuma ya ce in sa janareta cikin ɗakin kada ruwa ya taɓa shi. Me ka gani? (Daga Gwale)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar Hajiya lissafi zai raba ku. Duro ɗaya sai ya nutse gaba ɗaya yake ɗaukar kusan kilo 200, wato 12 su ba ka 2,400. Rabin wannan ne naka, 1,200, har da ƙarfen, katakon, da kai kanka. Ɗakin ya zama gajere mara nauyi, batir da jarkar ruwa su zauna ƙasa a tsakiya. Kowa da rigar ceto a jikinsa, ko ya iya iyo. Jirgin da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 lodi ne ya yi masa yawa. Ka kuma nemi izinin Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ke da dam ɗin.

Amma shawarar mai waldar nan ce ta tayar min da hankali. Kada ka kuskura! Kullum sai na ji wani ya ce, "Ai in hayaƙi ya yi yawa zan ji warinsa in buɗe taga." Warin da kake ji na fetur ne da baƙin mai. Abin da ke kisan, kabon monoksaid, wato gubar da ke cikin hayaƙin, ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari. Yana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da wani abu. Farko ciwon kai, sai jiri da tashin zuciya, sai jiki ya mutu. Mai barci kuwa bai ma san an yi ba.

Ka ƙiyasta ɗakin jirginka: bai kai rabin shagon mai caji ba. Ga sanyin hunturu a kan ruwa, wanda zai sa ka toshe kowace kafa. Kurfotin gawayi da risho ma haka suke yi a rufaffen wuri. Abin takaici, in an wayi gari an tarar da mutum, sai ka ji ana cewa aljanun ruwa ne suka taɓa shi, ko an yi masa asiri. Wane aljani? Inji ne ya kwana yana aiki kusa da kansa. Mai walda gwani ne a ƙarfe, amma numfashinka ba fanninsa ba ne.

Ni da zan zaɓa maka, ka bar janareta a gida. Faranti ɗaya na sola a kan rufi da batir mai bolt 12 sun ishe ka fitila, fanka da cajin waya. Girki a waje, a buɗaɗɗen wuri. Tukunyar gas ma waje, domin gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasan ɗaki yake kwanciya. Ka bar tagogi biyu masu kallon juna da raga, waɗanda ba a rufewa ko da sanyi. Duk wanda ya ce kansa na ciwo a cikin ɗakin, a fito da shi iska nan take, a juya jirgi gaɓa, a nufi asibiti.