Ɗana ya shekara biyu da wata huɗu, kalmominsa ba su wuce biyar ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana in yana son abu sai ya ja hannuna ya nuna, baki kuwa shiru. Kakarsa ta ce in bar damuwa, babansa ma sai da ya shekara uku. Kunnensa dai lafiya lau, ko ƙofa aka buga sai ya waiwaya. Amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kina da hujjar damuwa. Yaron da ya cika shekara 2 muna sa ran ya riƙe kalmomi kusan 50, yana haɗa biyu kamar "Mama zo". Nunin da yake yi alama ce mai kyau, yana son isar da saƙo.

Inda zan tsaya shi ne wannan "kunnensa lafiya lau". Kusan kullum sai an faɗa mini ita, har na gaji. Jin bugun ƙofa daban, jin magana daban. Ƙofa kan girgiza ɗaki, yaron da jinsa ya ragu ma zai waiwaya. Amma sautuka irin su "s" da "f" sirara ne, su ne ke fara ɓacewa. Ki toshe kunnuwanki da yatsu, ki sa wani ya yi miki hira daga ɗaya ɗakin. Haka wasu yaran ke jin duniya wata da watanni, saboda ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura. Sau da yawa ba zafi, ba zazzaɓi, ba ruwan da ke fita waje, to ta ina uwa za ta gane? Tafa hannu a bayan yaro ba gwaji ba ne, kuma abin haushi har wasu ma'aikatan lafiya da shi suke sallamar iyaye. Mafi muni su ne masu buɗe bakin yaro su ce harshe ne a ɗaure, a yanke. Ɗaurin harshe ba ya hana yaro tara kalmomi. Jini kawai za a zubar, watanni su wuce.

Ki nemi a yi masa gwajin ji da na'ura, ba ya ciwo. Daga nan sai ƙwararren koyar da magana.

Kafin ranar, ki rage masa waya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ba ta yarda ɗan shekara 2 ya wuce awa ɗaya a gaban allon waya ko talabijin a rana ba. In ya nuna kofi, ki durƙusa ya ga bakinki, ki ce "ruwa", ki ɗan dakata kafin ki miƙa masa. In ya ce "uwa" maimakon "ruwa", kada ki ce ya sake, ke dai ki amsa masa da "e, ruwa, ruwan sanyi".