Ganguna masu rubutun anilin a sito: me zan kiyaye?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu aiki a wani sito a Kumasi, an ajiye ganguna na anilin, kana tambaya ko warin kawai ne matsalarsa. Ba warin kaɗai ba ne abin tsoro: shaƙar tururinsa na da haɗari, haka ma taɓa fata da shi.

Anilin ruwa ne mai maiƙo, da farko ba shi da launi, amma iska da haske kan mayar da shi ruwan ƙasa. Warinsa kamar na ruɓaɓɓen kifi. Yana tafasa a wajen digiri 184 na ma'aunin Celsius. Da shi ake haɗa rini, da roba, da soson katifa.

Idan ya taɓa jiki, yana ratsa fata ya shiga jini, ya hana jinin ɗaukar iska yadda ya kamata. Sai ka ga leɓe da farce sun yi shuɗi, ga ciwon kai da jiri, wani lokaci sai bayan sa'o'i. Giya na ƙara masa ƙarfi. Safar hannu ta leda ba ta tare shi, nemi ta roba mai kauri irin butil, da tabarau. Rigar da ya jiƙa a cire nan take, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a nufi asibitin Komfo Anokye da sunan sinadarin a rubuce.

A gaya wa likita in kana da ƙarancin G6PD, wata larurar jini da ake gada, domin maganin da ake ba wa wanda ya kamu, metilin bulu, yana iya cutar da masu wannan larura, kuma larurar tana da yawa a nan yankinmu.

Gangar kuma a rufe, nesa da wuta da asid.