Amsar Kawu kan yaran Zabarmawa da Fulani na ajinki

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce hedimasta ya hana yaran Zabarmawa da na Fulani yin yarensu a harabar makaranta, wai don su saje da sauran, kina tambaya ko haka al'adar Sakkwato take da wanda ba Bahaushe ba. A'a, ba haka muka taras ba.

Shehu Usmanu da harshe uku ya karantar da mutane: Larabci, Fillanci da Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u ta mayar da waƙoƙin Fillanci zuwa Hausa, ta naɗa jaji-jaji, wato malamai mata, suna kai wa 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, karatu har ƙauyukansu. Ba ta ce sai mace ta ajiye harshen uwarta za a koya mata alwala ba.

Mu ma mun ɗanɗana. A firamarenmu duk wanda bakinsa ya suɓuce da Hausa, sai a rataya masa ƙashin saniya a wuya, ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa. Akwai wani Badakkare ɗan Zuru da muke benci ɗaya. Ba Turanci, Hausar ma tsinto take yi, sai ya kulle bakinsa zango guda, malam na ce masa daƙiƙi. Ranar jarrabawar lissafi shi ya zo na ɗaya.

Amma kada ki ji wannan ki ce a ware musu aji. Makarantun makiyaya da aka kafa wa hukuma a 1989 dabam ne, su shanu suke bi. Yaron da ke zaune cikin gari, a bar shi benci ɗaya da 'ya'yanmu. Don haka aka buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato a 1966, ɗan Ibo da ɗan Yarbawa da Bagobiri suna cin tuwo kwano ɗaya. Addini kuwa, sashe na 38 na tsarin mulki ya hana a tilasta wa yaro darasin addinin da ba nasa ba.

Ki sami hedimasta a ofis, ku biyu kawai, kada ki gyara masa magana gaban malamai. Ki roƙe shi ya bar musu lokacin tara, su yi yarensu. Ke kuma ki koyi gaisuwarsu: Bazabarme "fofo" yake cewa. Ki gwada ranar Litinin ki ga fuskar yaron.

A gaida mahaifiyarki, ki ce mata maganin ƙafar nan ya karɓe ni.