Hukuncin ruwan rijiyar da aka samu tana (tsutsar ƙasa) a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya gafarta. Ina zaune a Rigasa. Tunda damina ta kankama, duk lokacin da muka ja guga sai mu ga tana a ciki, wata tana motsi, wata ta yi fari ta mutu. Maƙwabcina ya ce tana ba ta rayuwa a ruwa, don haka mushe ce, ruwan ya zama najasa, sai mun yashe rijiyar mun rama salloli. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ruwanku mai tsarki ne, alwalarku ta yi, babu sallar da za ku rama.

Maganar cewa tana ba ta rayuwa a ruwa ba daidai ba ce. Tana ba ta da huhu, ta fatarta take shaƙar iska, kuma sai fatar na da danshi take iya hakan. Shi ya sa idan ta fito kan dandamalin siminti rana ta buge ta, nan da nan take bushewa, amma a ruwa mai sanyi da ke ɗauke da iska tana iya yin kwanaki da ranta. Sai iskar da ke cikin ruwan ta yi ƙaranci take mutuwa. Wadda ka gani tana motsi a guga rayayyiya ce, kuma a mazhabar Imamu Malik duk mai rai mai tsarki ne.

To wadda ta mutu fa? Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, da zai lissafa abubuwa masu tsarki, da mushen abin da ba shi da jini ya fara, kamar ƙuda, kunama, kyankyaso da tsutsotsin ƙasa. Hujjar malamai ita ce hadisin Abu Huraira da Bukhari ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya yi umarni idan ƙuda ya faɗa a abin sha a tsoma shi sannan a cire. Tsomawa kan kashe shi, musamman in abin da zafi, kuma da mushensa najasa ne, da ba a yi umarni da hakan ba. Wanda ya taɓa soka tana a ƙugiya a bakin Kogin Kaduna zai ce ai yana ganin ɗan ja-ja a yatsunsa. Gaskiya ne, amma abin da malamai ke nufi shi ne jinin da ke kwarara idan an yanka, irin na kaza ko ɓera.

Ina zaton nan maƙwabcinka ya cakuɗa abu biyu. Inda ake son a kwashe wani adadi na ruwan rijiya shi ne idan dabba mai jini, kamar ɓera, ta mutu a ciki. Ko a nan ma mustahabbi ne matuƙar ruwan bai canza ba.

Idan tanar ta yi yawa har ta ruɓe, launi ko ɗanɗano ko ƙanshin ruwan ya canza, to ba a alwala ko wankan janaba da shi, duk da cewa ba najasa ba ne. Sai a yi ta ɗiba har ya dawo yadda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da tanar ta bi ta shigo. Galibi bakin rijiyar ne ya yi ƙasa ko gininta ya tsage, kuma inda tana ta bi, ruwan kwata zai bi. A unguwanninmu gidaje a matse suke, sau da yawa masai na kusa da rijiya. Idan warin masai ya bayyana a ruwan, wannan kam najasa ne, ga haɗarin amai da gudawa. Ku ɗaga bakin rijiyar, ku toshe tsagar, ku sa murfi, ruwan sha kuma a tafasa shi.

Wallahu a'alam.