Yaya zan karanta rubutu a gaban kyamara ba tare da an gane karantawa nake yi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a unguwar Gwammaja a Kano, ina ɗaukar gajerun darussan kimiyya da Hausa a wayata ina sakawa a Facebook da TikTok. Saboda mantuwa na sauke manhajar da ke tafiyar da rubutu a fuskar waya ina karantawa, amma masu kallo suna cewa idona yana yawo, muryata kuma kamar ta mai karanta sanarwa. Shin sai na sayi na'ura irin ta gidan talabijin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba lallai sai kin saya ba, amma sanin yadda na'urar take aiki zai nuna miki inda matsalar ido ta samo asali. Ita wannan na'ura, telifuromta, ta fara ne a Amurka wajen 1950 a matsayin naɗin takarda da inji yake juyawa a gefen kyamara. Wadda masu karanta labarai suke amfani da ita yau gilashi ce da aka jingina a kusurwar digiri 45 a gaban idon kyamara: allo yana kwance a ƙasa da rubutu a juye, gilashin yana maido da shi daidai ga mai karatu, kyamara kuma tana leƙowa ta bayansa cikin baƙin ƙyalle. Shi ya sa mai labarai a ARTV ko NTA yake karatu amma kike ganin kamar ke yake kallo.

A waya kuwa rubutu yana wuri ɗaya, kyamara tana wani wurin, ga shi kuma kina kusa da ita. Idan faɗin layin rubutun santimita 7 ne, wayar tana nisan santimita 40 da fuskarki, idonki zai riƙa kai da komo na kusan digiri 10 a kowane layi, kuma wannan ba ya ɓoyuwa. Idan kika ɗora ta a kan mariƙi mai ƙafa uku a nisan mita ɗaya da rabi, motsin zai ragu zuwa ƙasa da digiri 3. Don haka ki ja baya, ki ƙara girman haruffa, ki matse layin ya zama kalma uku ko huɗu, sannan ki ja akwatin rubutun zuwa can sama dab da idon kyamara, ki riƙa karanta layin da ya fi kusa da shi kaɗai. Tsayin wayar ya yi daidai da idonki. Nisan zai raunana sauti, don haka kina buƙatar ƙaramar makirfo ta maƙalawa a riga ko mayafi, wadda za ki iya nema a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut. A nawa ganin, kuɗin da aka kashe a kanta ya fi na gilashi amfani ga mai farawa, musamman a garin da ƙarar A Daidaita Sahu da janareton maƙwabta ba sa ɗaukewa.

Maganar murya ita ce mai nauyi, kuma tun daga rubutu ake gyara ta. Yawancinmu idan muka ɗauki biro sai mu koma Hausar jarida, mai dogayen jimloli da “bugu da ƙari” da “har ila yau”, alhali ba haka muke magana da ɗalibai ba. Hanyar da nake ba da shawara ita ce ki fara bayyana darasin da baki kamar kina gaban aji, ki naɗi muryar, sannan ki rubuta abin da kika faɗa ki tsaftace shi. Kowace jimla ta zama wadda numfashi ɗaya zai ɗauka, kuma ki bar layi fayau a duk inda kike son tsayawa. Lambobi ki rubuta su da kalmomi, domin idan 1,250,000 ya bayyana kwatsam a allo sai kin dakata kin lissafa shi, amma “miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin” baki ne kawai zai bi.

Akwai kuma abin da ya shafi Hausa musamman. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka mai karatu yana gane furucin kalma ne daga abin da ke kewaye da ita. A takarda ido yana hango jimlar gaba ɗaya, amma a matsattsen layi mai tafiya za ki iya cin karo da “kuka” a ƙarshen layi ba ki san ko na miya ba ne, ko na yaro, ko “da kuka zo”, sai kin ga layi na gaba. Wannan ɗan jinkirin ne kunne yake kamawa ya ce karatu ake yi. Maganinsa ki karanta rubutun a bayyane sau biyu ko uku kafin ɗauka, ki raba layuka bisa ma'ana, kuma ki tabbatar manhajar tana nuna ɓ, ɗ da ƙ daidai, domin wasu nau'o'in haruffa ba su da su.

Game da gudu, rubutu ne zai bi ki. Ki karanta darasin da agogo yadda kike magana, ki saita tafiyarsa a kan haka, har ma ki rage kaɗan. Wasu manhajoji suna tafiyar da rubutu ta hanyar sauraron murya, amma an gina su ne musamman a kan Turanci, don haka kada ki dogara da su. Ƙaramin rimot na Bluetooth da za ki riƙe inda kyamara ba ta gani, kina tafiyar da rubutun da shi, ya fi tabbas. Ki ƙifta ido, ki motsa hannu da kai kamar yadda kike yi a aji, kuma ki ɗauka sakin layi bayan sakin layi ki haɗa a manhajar gyaran bidiyo ta CapCut, maimakon ki ce sai kin kai ƙarshe babu tuntuɓe.

Idan daga baya kika so amfani da kyamarar bayan waya, wadda yawanci ta fi ta gaba kyau, a nan ne gilashi yake da amfani. Kafinta zai iya haɗa miki akwati da gilashin firam ɗin hoto, sai dai gilashin gama-gari yana nuna rubutu biyu-biyu kaɗan saboda fuskokinsa biyu duk suna maido da haske, kuma sai kin kunna juya rubutu a manhajar. Da hunturu ki goge shi kafin kowace ɗauka, domin ƙura tana dusashe hoton.