Otal a tsakiyar Roma ko na bayan gari? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana da yaranmu biyu, ɗan shekara 12 da 'yar shekara 7, za mu je hutun kwana biyar a Roma cikin watan Agusta. Otal ɗin tsakiyar gari ya fi na bayan gari tsada sosai. Maigida ya ce mu kama na bayan gari mu riƙa shiga bas, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Wanne ya fi?
Daga wata Hajiya a Kano

Wa alaikumus salam, Hajiya. A wannan karon ina bayanki, Alhaji ya yi haƙuri. Zafin Roma a Agusta kan haura digiri 35, kuma yawon garin da ƙafa ake yin sa. Wanda masaukinsa ke tsakiya zai fita da sassafe, ya dawo da azahar ya yi salla, yara su ɗan rintsa, a sake fita in rana ta yi sanyi. Wanda ke bayan gari kuwa in ya fita ya fita ke nan sai dare, ga yara sun jigata, ƙarshe rarar da aka yi a kuɗin ɗaki ta tafi a tasi.

Sai dai kafin ki biya, buɗe taswira ki ga inda otal ɗin yake. Unguwannin da ke kewaye da tsohon ginin tarihi na Pantheon da dandalin Navona su ne suka fi kyan gani, amma jirgin ƙarƙashin ƙasa bai ratsa su ba, lungunan kuma shimfiɗe suke da ƙananan duwatsu masu cin tayar akwati. Ga iyali irin naku na fi son ɓangaren babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini. Daga filin jirgin Fiumicino jirgin ƙasa na Leonardo Express zai kawo ku nan kai tsaye cikin minti 32, kuma nan layin A da layin B na ƙarƙashin ƙasa suka haɗu. Unguwar Esquilino na maƙwabtaka, da kasuwarta inda ake sayar da naman halal da shinkafa da kayan yaji, ga gidajen abinci da ƙananan masallatai na 'yan Bangaladash da sauran baƙi. Babban masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, yana can arewacin gari, sai ku ajiye shi don Juma'a.

Kada dai ku kama ɗakin da ke kallon tashar. Wurin akwai hayaniya har tsakar dare, kuma 'yan sane sun san baƙo daga nesa. Ku matsa layi uku ko huɗu, wajen cocin Santa Maria Maggiore ko unguwar Monti, inda za ku taka zuwa Colosseum, tsohon filin wasan Rumawa, cikin minti 20 ko ƙasa da haka.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa. Yawancin otal-otal na tsakiya tsofaffin gidaje ne aka gyara, ɗakunan ƙanana, wani otal ɗin ma hawa ɗaya ne tak a cikin bene. Ki rubuta masu ki tambaya: akwai lif? Iyakwandishan na aiki a ɗakin? Gado nawa ne na gaske, ban da kujerar da ake warewa? Sannan ki sa harajin kwana a lissafi, don sau da yawa a otal ake karɓarsa daban. Tun 2023, otal mai tauraro uku a Roma yuro 6 ne kowane mutum a kowane dare, mai tauraro huɗu yuro 7.50. Yaro ƙasa da shekara 10 ba ya biya, don haka ku uku ne: yuro 90 ke nan na dare biyar a mai tauraro uku. In kuma biza ba ta fito ba tukuna, ki zaɓi ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan ɗara kuɗi.

Tambaya: Zan sauka a Milan, ina son in yi hayar mota in tuƙa zuwa Roma, in kwana a tsakiyar kowane gari. Ko da matsala?
Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi

Da matsala, Alhaji. Tsakiyar manyan garuruwan Italiya akwai yankunan da aka taƙaita shigar mota, za ka ga allo an rubuta ZTL. Babu shinge, babu ɗan sanda, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota. Bayan watanni tara ta biyo ka, kamfanin hayar kuma ya cire nasa ladan aiki daga katinka. Wasu otal-otal kan yi wa lambar motar baƙonsu rajista don ya shiga ya sauke kaya, amma sai ka sanar da su tun da wuri, kuma wurin ajiye mota da kuɗinsa. Jirgin ƙasa na Frecciarossa ko Italo na kai mutum daga Milan zuwa Roma cikin kimanin awa uku, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Ka bar hayar mota sai ranar da za ka shiga ƙauyuka.

Tambaya: Karin kumallon otal ya halatta a ci? Kuma in tafi da buta?
Daga wani Malam a Zariya

Malam, karin kumallonsu mara nauyi ne: kofi da madara, da wani burodi mai zaƙi da suke kira cornetto. Ka tambaya kafin ka ci, don wasu da kitsen alade ake haɗa shi, sunan kitsen a bakinsu strutto. Yankakken naman da ke kan tebur yawanci na alade ne. Ƙwai da 'ya'yan itace da yogot ba su da matsala. Kusan kowane banɗakin otal yana da mazaunin tsarki na daban kusa da masai, don haka buta sai in don yawon cikin gari. Dadduma kam ka sa ta a jaka, ba za ka tarar da ita a ɗaki ba.